Mu Gina Tashar Jirgin Nguru da Kwali

 Ina gaida mutanen Nguru da na Gashuwa, da na Jajimaji da Machina da Jakusko da Yusufari, da duk wanda muryar nan ta iske a shago ko a gona ko a bakin kogi. Malaman makaranta da iyayen yara, yau ku na fi so ku matso kusa da rediyo. In da fensir da takarda a kusa a ɗauko, domin akwai 'yan alkaluman da zan faɗa.

Maganar kwali za mu yi. Kwalin nan dai da mai shago yake jefarwa bayan ya kwashe taliya ko sabulu, wanda awaki suke ci a bakin kasuwa. Za mu ga yadda ake gina tashar jirgin ƙasa da shi, 'yar ƙarama wadda za ta zauna a kan tebur, amma kowace ƙofa da kowace taga a bisa awonta na gaskiya.

A Ingila da Jamus da Amurka da Japan akwai mutanen da wannan ne abin sha'awarsu, kuma yawancinsu ba yara ba ne, magidanta ne da dattawa masu furfura. Mutum zai ware ɗaki guda ko tebur, ya shimfiɗa ɗan siririn layin dogo, ya ɗora ƙananan jirage masu tafiya da lantarki. To jirgi ba ya tafiya a fili fetal, sai an yi masa tasha da sito da gada da gidajen mutane. Daga nan aka samu kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su Metcalfe da Superquick a Ingila. Suna buga hoton bango da rufi da tagogi a jikin kwali mai kauri, su tsaga layukan da za a bi, su zuba a leda su sayar. Wanda ya saya sai ya ɓalle gutsattsarin, ya lanƙwasa, ya manna, gini ya tashi. A birnin Hambug na Jamus har akwai wani gida da ake kira Miniatur Wunderland, wanda wasu 'yan'uwa biyu, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a 2001, mutane suna biyan kuɗi suna bin layi don su kalli ƙananan jiragen suna ratsa ƙananan garuruwa.

Ba ina gaya muku wannan ba ne don wani ya aika a sayo masa. Da canjin kuɗi yadda yake a yau, wannan ɓarnar dukiya ce. Ko an sayo ma, abin da zai fito daga ledar ginin Turawa ne, mai jan bulo da bututun hayaƙi a saman rufi, wanda bai yi kama da komai ba tsakanin Kano da Geidam. Dabarar kawai muke so, kayan aiki kuwa muna da su.

Labarin da ya fi jan hankalina a wannan fanni na wani mutum ne mai suna Roye England. Ɗan Ostireliya ne, ya je Ingila a 1925, ya zauna a wani yanki na karkara. Sai ya lura tsofaffin gidajen ƙauye masu rufin ciyawa suna ɓacewa, ana rushe wasu, ana sauya wa wasu kama. Ba shi da kuɗin saye, ba shi da ikon hana kowa. Sai ya riƙa bin gidajen yana aunawa, yana ɗaukar hoto, yana rubuta launin kowane bango, ya koma ɗaki ya gina su da kwali. Gida ɗaya yakan ci watanni. A 1954 aikin ya zama gidan tarihi mai suna Pendon, yana nan har gobe, kuma mutum zai je ya ga yadda karkarar take a wajejen 1930, har da jirgin da yake ratsa ta.

To jama'a, mu fa?

Dogo ya iso Kano a 1911. Daga Kano aka ja reshe ya nufo gabas, ya bi ta Ringim da Malam Madori da Birniwa, ya zo ya tsaya a Nguru a 1930, tafiyar kilomita wajen 230. Nguru tsohon gari ne, mazaunin Galadiman Borno tun kafin Bature ya san hanyar nan, amma zuwan dogo ne ya mai da shi bakin kasuwar wannan yanki gaba ɗaya. Gyaɗa da ƙaro da fatu da ƙiraga, bandar kifi da busasshen nama da shanu a tsaye, duk nan ake tara su a loda a tarago a yi kudu da su. Mutanen Gashuwa, da yake dogo bai kai gare su ba, nan suke kawo nasu kayan, haka mutanen ƙetaren iyaka daga Nijar. Yarbawa da Ibo da sauran ma'aikatan reluwe suka zo suka zauna, aka haifi 'ya'yansu a nan. Sai da aka yi shekara 34 bayan haka, a 1964, kafin dogo ya kai Maiduguri ta hanyar Bauchi da Gombe.

Yau kowa ya san halin da ake ciki. Manyan motoci sun kwashe lodin, zirga-zirgar jirgi ta ja baya ƙwarai, dattawan da suka yi aiki a zamanin jirgin kwal kuma kullum raguwa suke. Gini in ba a kula da shi, rana da iska da gara ba sa jiran kowa. Abin da nake so in ce shi ne, ajin makaranta guda, da malami mai himma, da kwalin da bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba, za su iya ajiye mana kamannin tashar nan yadda jikokinmu za su gani. Hannun yin aikin kuwa yaranmu suna da shi. Yaron da ya ƙera motar kara ko ta langalanga ko ta gwangwani, har da sitiyari mai juyawa, ba za a koya masa haƙuri da dabara ba. Abu ɗaya ne ya rage masa, shi ne awo. Yana yin taya yadda idonsa ya ba shi, ƙofa yadda ta zo. In aka ɗora masa awo a kan wannan basira, an sa ƙafarsa a hanyar masu zanen gine-gine da injiniyoyi.

Bari mu tsaya a kan awon nan, don shi ne ginshiƙin aikin.

Masu wannan sha'awa a duniya suna da ma'aunai sanannu. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne kashi 1 cikin 87, wato kowane abu an rage shi sau 87. Mutanen Ingila sun fi son 1 cikin 76. Dalilinsu shi ne jiragen da suke saye a shago a kan wannan awo aka ƙera su, dole gini ya dace da jirgi. Mu da ba jirgin shago za mu saya ba, ba abin da zai sa mu wahalar da yara da raba lamba da 87. Shawarata a ɗauki 1 cikin 50. Lissafinsa a tafin hannu yake: kowace mita ɗaya a waje, santimita 2 ce a kan tebur. Ƙofa mai tsayin mita 2 ta zama santimita 4. Mutum mai matsakaicin tsayi ya zama kamar santimita 3 da rabi. Wanda teburinsa ƙarami ne yana iya ɗaukar 1 cikin 100, mita ɗaya santimita ɗaya, sai dai tagogi za su yi ƙanƙanta har yankansu ya gagari ƙananan yara. Kowanne aka zaɓa, a tsaya a kansa tun daga farko har ƙarshe. Da zarar an gauraya, za a ga akuya ta fi ofishin mai tasha tsayi.

Faɗin dogon da ya zo Nguru, tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ƙafa 3 ne da inci 6, wato milimita 1,067. A awonmu na 1 cikin 50 ya zama milimita 21. Sabon dogon da aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna a 2016, da wanda aka aza harsashinsa a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi, faɗinsu milimita 1,435 ne, a kan tebur kusan milimita 29. Malam, in ka zana waɗannan biyun gefe da gefe a takarda, ka gama yi wa ɗalibai bayanin abin da ya sa jirgin Abuja ba zai iya hawa layin Nguru ba.

Kada kuma wani ya ce zai gina layin duka. Kilomita 230 in aka raba da 50, sai an nemi tebur mai tsawon fiye da kilomita 4 da rabi. Tasha kaɗai ma sai an taƙaita. A zaɓi gini biyu ko uku da ɗan guntun layi a gabansu, ya wadatar.

Yaya za a samo awon ginin? Da farko dai a nemi izini. Tasha wurin gwamnati ce, a ƙarƙashin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, kuma yanayin tsaron da muka shiga a wannan yanki ya sa ba a son ganin baƙon fuska yana ɗaukar hoto ko yana zane ba bayani. Shugaban makaranta ya rubuta takarda, malami ya je da kansa ya gaida mai tasha, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Yara kuma kada a bar su su hau kan layi ko su shiga ƙarƙashin tarago, ko da an ce ya shekara bai motsa ba.

In an samu izini, tef ɗin awo na magina ya isa. In babu, a auna igiya mai mita 10, a ƙulla ta a kowace mita. Inda hannu ba ya kaiwa akwai dabaru biyu. Ta farko ƙirga bulo: in ginin na bulon siminti ne irin wanda muka saba, tsawon kowane ɗaya inci 18 ne, tsayinsa inci 9, sai a ƙirga jeri a ninka, a ɗan ƙara na simintin da ke tsakani. Ta biyu inuwa. A kafa sanda mai mita ɗaya a rana, a auna inuwarta, nan take a auna inuwar abin da ake so. In inuwar sanda santimita 80 ce, ta tankin ruwa kuma mita 8, to tsayin tankin mita 10 ne. Wannan darasin lissafi ne da yara suke haddacewa don jarrabawa su manta, amma wanda ya yi shi a tsakar rana da sanda a hannu ya riƙe shi ke nan.

Kuma don Allah a tafi da littafi a zauna da dattawa. Nguru ƙarshen layi ce, kan jirgi in ya iso sai ya juya kafin ya koma Kano. A tambaye su yadda ake juya shi, da inda yake shan ruwa a zamanin kwal, da inda ake tara buhuna, da inda ake loda shanu, da launin fentin ofis a wancan lokaci. Abin da tef ba zai auna ba yana bakinsu.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, ga wanda ya kama mu a tsakiya, muna bayani ne a kan yadda za a gina ƙaramar tashar jirgin Nguru da kwali. Mun gama da awo, yanzu sai kayan aiki da ginin kansa.

Kwali iri biyu ake bukata. Akwai mai kauri, na katan ɗin taliya ko na sabulu, wanda yake da ramuka a cikinsa, shi ne na bango da daɓe. Wani abin daɗi, bangon inci 9 in aka rage shi sau 50 yana komawa milimita 4 da rabi, kusan kaurin katan ɗin ke nan. Sai mara kauri, irin na kwalin shayi ko na magani ko na man goge baki, shi ne na ƙofofi da firam ɗin taga da rufi. A nemi wanda bai taɓa jiƙewa ba, wanda mai bai taɓa ba. Sai rula, in so samu ne ta ƙarfe, da fensir mai tsini, da almakashi, da reza ko wuƙar yankan kwali, da wani falle na katako da za a riƙa yanka a kai.

Reza a hannun malami take zama ko manyan ɗalibai. Sabuwa, ba wadda aka tsinta ba, kuma a naɗe gefe ɗaya da tef. Ƙananan yara a ba su zane da manni da fenti.

Batun gam kuwa, a nan mun fi Bature sa'a. Ƙaron da ake fitarwa daga jikin dakwara a dazukanmu, wanda jirgin nan ya shekara da shekaru yana kwasa zuwa bakin teku, shi ne gam ɗin da aka daɗe ana shafawa a bayan kan sarki da bakin ambulan a ƙasashen waje. Kowane almajiri ya san shi, da shi ake haɗa tawadar allo. A daka shi, a zuba awo ɗaya na ƙaro da awo biyu na ruwan ɗumi, a bar shi ya kwana, a tace da tsumma. Yana manna takarda a jikin kwali lafiya lau. Amma yana da iyaka: in ya bushe yana da saurin karyewa, in damina ta zo kuma yana jan laima ya saki. Saboda haka wajen haɗa bango da bango a sayi farin gam irin na kafintoci, ƙaramin gwangwani ɗaya zai yi wa aji guda. Kokon rogo ko na fulawa ma yana manni, sai dai kyankyaso da gara suna sonsa ƙwarai, ni ba na ba da shawararsa. Gam ɗin nan mai kamawa nan take kuwa a nisanta shi da yara, yana manne yatsu, in ya shiga ido kuma sai asibiti.

Mu ɗauki misali da sito. Alkaluman nan misali ne kawai, ku za ku sa na gaskiya in kun auno. A ce tsawonsa mita 20, faɗinsa mita 6, tsayin bango mita 4. A kan tebur ya zama santimita 40 da 12 da 8. A fara zana bangon huɗu a farar takarda, da ƙofofi da tagogi a inda suke. Bangon gefe biyu, wato gajerun, su ne masu tsini a sama inda rufi zai zauna. In tsinin ya ɗaga mita ɗaya da rabi, a ƙara santimita 3 a tsakiya a ja layi zuwa kowane gefe. Sai an tabbatar zanen ya yi daidai a takarda sannan a mai da shi jikin kwali.

Ga inda kusan kowa yake tuntuɓe a karon farko. Kwali yana da kauri. In gajeren bango zai shiga tsakanin dogayen biyu, dole a rage masa kaurin kwali sau biyu, ɗaya ta kowane gefe. In kaurin milimita 4 ne, a yanka shi santimita 11 da milimita 2 maimakon 12. Wanda ya manta da wannan zai ga gininsa ya yi faɗi, rufin da ya yanka ya kasa rufewa.

Wajen yanka, a fara da tagogi da ƙofofi tun kwalin yana falle guda, kafin a yanke bangon daga jikinsa, domin siririn wurin da ke tsakanin taga da taga ba ya jure ja. Kada a danna reza da ƙarfi a ce sai an yanke a bugu ɗaya. A ja ta a hankali sau uku ko huɗu a kan layi ɗaya, rula tana danne da gefen da ake so, yadda in rezar ta kauce ɓangaren da za a zubar za ta ci. Inda za a lanƙwasa kuwa ba a yankewa, tsagawa ake yi sama-sama, ko a danna layin da bakin biron da ya ƙare, sai kwalin ya karyu a miƙe.

Duk abin da za a yi wa bango a yi shi yana kwance: fenti, firam ɗin taga, ƙyaure. Gilashin taga farar roba ce mai ƙarfi irin ta kwalin sabuwar riga, a manna ta daga ciki. In za a lulluɓe bango da farar takarda don a samu wurin fenti, a lulluɓe ciki da waje. Takarda in ta sha gam tana buɗewa, in ta bushe ta tsuke, to in gefe ɗaya kaɗai aka yi wa, za ta ja kwalin ya lanƙwashe. A danne shi da littattafai masu nauyi ya kwana. Na san a zafin Nguru gam yana bushewa kafin ka juya, amma bushewar sama daban, ta ciki daban.

Wajen tayar da gini, a yanka daɓe daidai da cikin ɗakin, a manna bangon a kewayensa. A kowace kusurwa ta ciki a sa ɗan kwali mai kusurwa uku ya riƙe. Magina suna da dabarar gane ko kusurwa ta miƙe: a auna 3 ta nan, 4 ta can, in tsakaninsu ya ba da 5 to ta yi. Da santimita ma haka take aiki. Dogon bango mai santimita 40 kuma ba zai tsaya shi kaɗai ba, a sa masa bangon ciki guda biyu ko da ba za a gan su ba. Gam kaɗan ake sawa, da tsinken tsintsiya. Mai yawa ba ya ƙara ƙarfi, ɓata fenti kawai yake yi.

Rufin kwano shi ne ya fi ba da wahala, shi ne kuma ya fi ƙawata gini in an dace. Mutane da yawa sukan ɓare fatar katan su yi amfani da ramukan ciki, tunda sun yi kama da kwano. Daga nesa ba laifi, amma a awonmu ramukan sun yi girma sau uku ko huɗu. Wanda yake son abin ya fito sosai ya nemi takardar azurfa irin wadda ake rufe bakin gwangwanin madara da ita, ya ɗora ta a kan mataji mai ƙananan haƙora, ya goga da yatsa, sai ta ɗauki layuka. A yanka ta falle-falle, a jera daga ƙasa zuwa sama, na sama yana hawa kan na ƙasa yadda kafinta yake yi. A tuna rufi ya fi rabin faɗin gini tsawo tunda a karkace yake. A misalinmu kowane gefe santimita 6 ne da milimita 7, sai a ƙara santimita ɗaya na baki.

Sai launi. Sabon shiga yakan yi wa gini fenti mai ƙyalli kamar jiya aka gama shi, alhali ginin da ya haura shekara 90 a bakin Sahara ba haka yake ba. A je a kalle shi da kyau. Gindin bango ya yi ja saboda feshin ruwan sama, ƙarƙashin taga akwai zirin datti, kwano ya yi tsatsa a layin ƙusa. Jar ƙasa da toka da garin gawayi, in aka kwaɓa kowanne da ruwan ƙaro, sun ba da yawancin launukan da ake bukata. Bakin kwali da aka yanka kuma, wanda yake fitowa fari ko ruwan ƙasa a kusurwa, a bi shi da fensir ko fenti a ɓatar. Wannan ɗan aikin na minti biyar shi yake raba ginin da ya yi kama da gini da wanda ya yi kama da kwalin sabulu.

Sauran abubuwan ba sa bukatar dogon bayani. Ƙarfen dogo waya ce miƙaƙƙiya guda biyu, ko siririn kwali a tsaye, milimita 21 a tsakani. Abin da ake shimfiɗawa a ƙarƙashinsu kuwa, tsinken ashana ya yi kusan daidai da tsawonsa. A shafa gam a katako a barbaɗa rairayi da aka tankaɗe, rairayi dai ba ma sayensa a nan. Itacen maina ko dogon yaro, a murɗa siraran wayoyin tsohon kebur su zama gindi da rassa, a manna gutsattsarin soso da aka rina kore. Buhunan gyaɗa a mulmula su da yumɓu, kowanne kamar santimita 2. Taragon kansa a bar wa gwanayen motar gwangwani, a ba su awo kawai a ja da baya a sha kallo.

Mutanen Gashuwa na ji kamar kuna cewa, mu da ba mu da tasha fa? Kuna da abin ginawa har ya yi yawa. Ga gadar da ke kan kogin Yobe, ga ƙofar fadar Mai Bade, ga rumfunan kasuwa da wurin bandar kifi, ga kwalekwale a bakin ruwa. Kuma tarihin tashar Nguru bai cika ba in babu tsofaffin motocin katako da suka riƙa ɗauko kaya daga Gashuwa suna kawowa bakin jirgi. Makaranta ɗaya a Gashuwa ta gina tashar mota da kasuwa, wata a Nguru ta gina tashar jirgi, duka a kan 1 cikin 50, ranar da aka haɗa su a tebur ɗaya za su dace. Ga Jami'ar Tarayya a Gashuwa tun 2013, ga Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman inda ake horar da malamai. Ɗalibin da yake neman aikin da zai kai makarantar da aka tura shi koyon koyarwa, ga shi nan a sauƙaƙe.

In an gama, ajiya ta rage. A ɗora aikin a kan katako, kada a ajiye shi a ƙasa ko a jingina da bangon ƙasa saboda gara. A yi masa murfi da babban katan ko farar leda saboda ƙurar hunturu, a kuma nisanta shi da taga da inda rufi yake yoyo. A gefen katakon a manna takarda mai ɗauke da sunan ginin, da ranar da aka auna shi, da ma'aunin da aka bi, da sunayen ɗaliban da suka yi, da na dattawan da suka ba da bayani in sun yarda. Littafin da aka rubuta awon a ciki shi ma a adana shi a ofishin shugaban makaranta, domin ko kwalin ya lalace, da littafin za a sake gina wani.

Iyaye, in kun ga yaro ya tara kwali a ɗaki yana yanke-yanke, kada a share a ƙone a ce shara ce. A saya masa rula da fensir, a tambaye shi sau nawa ya rage abin da yake ginawa. 'Yan mata ma a sa su, hannun da ya iya zanen lalle da saƙar hula ba zai kasa yanka taga ba. Masu shaguna, a riƙa ware katan masu kyau a ba makarantar unguwa. Malamai kuma kada a jira sai an kawo kayan aiki daga Damaturu, a fara da ɗaki ɗaya mai ƙofa ɗaya da taga biyu a wannan zangon karatu, tasha ta biyo baya.

Lokacin da aka ba mu ya ƙare. Duk makarantar da ta gwada, ta aiko mana da labari ta hannun wannan gidan rediyo, za mu karanta sunanta a cikin shiri.